Masu Nema wa Matattu Suna

Ranar 17 ga Mayu, 1968, wani mai haƙar rijiya da ake kira Wilbur Riddle ya fita aiki a gundumar Scott da ke jihar Kentucky ta Amurka. Kafin a kama aiki sai ya gangara gefen babbar hanya mai lamba 25 yana tsintar ƙoƙunan gilashin nan da ake ɗaura wayar tarho a kansu a jikin falwaya, waɗanda ma'aikata suka canza suka watsar a daji. A kan hanyarsa ta hawowa ya yi kiciɓis da wani ƙunshi na koren tamfol, an ɗaure shi tamau da igiya. Ya zungure shi da ƙafa, ƙunshin ya mirgina gangare, wari ya bugo shi. Bai tsaya dubawa ba, ya shiga motarsa ya nufi gidan mai mafi kusa ya kira 'yan sanda.

Da aka kwance igiyar, gawar mace ce, babu sutura a jikinta, ta riga ta ruɓe har fuska ba ta ganuwa. Likitoci suka duba suka ce budurwa ce mai shekara 16 zuwa 19, gajeruwa, gashinta jaja-jaja, tana da wushirya. Ba su iya faɗin takamaiman abin da ya kashe ta ba. Wani ɗan sanda mai zane ya zana fuskar da yake kyautata zaton tata ce, jaridu suka buga, iyayen 'yan matan da suka ɓata suka yi ta bugo waya daga jihohi daban-daban. Duk wadda aka gwada sai a ga ba ita ba ce. Saboda tamfol ɗin irin na tanti ne, 'yan jarida suka laƙaba mata Tent Girl, wato 'Yar Tanti. A 1971 aka binne ta a maƙabartar garin Georgetown. Aka kafa dutse a kan kabarin, aka sassaƙa zanen fuskar nan tana murmushi, aka rubuta ranar da aka tsince ta, da tsayinta, da nauyinta, da launin gashinta, da shekarun da ake zato, da cewa ta mutu tsakanin ƙarshen Afrilu da farkon Mayu. Layin ƙarshe ya ce ba a san ko wace ce ba.

Biyu daga cikin abubuwan da aka sassaƙa a dutsen kuskure ne, kuma su suka tsare hanyar gano ta shekara 30.

Riddle bai taɓa mantawa da abin da ya gani ba. Duk wanda ya zauna da shi sai ya ji labarin, haka 'ya'yansa suka tashi da shi a baki. A ƙarshen Oktoba na 1987 ɗaya daga cikin 'ya'yan nasa mata ta ba wani saurayi ɗan shekara 17 labarin a garin Livingston na jihar Tennessee. Sunan saurayin Todd Matthews. Shekara na zagayowa suka yi aure, ya kama aiki a masana'anta, amma zancen 'Yar Tanti ya riga ya shige shi. Ba ɗan sanda ba ne, ba likita ba, bai yi karatun bincike ba. Abin da yake da shi kawai naci. Ya bi ɗakunan karatu yana tono tsoffin jaridu, ya ziyarci kabarin, ya je wurin da surukinsa ya tsinci ƙunshin, ya yi ta buga waya har kuɗin tarho ya zama abin rigima a gidansa.

A cikin tsoffin rahotannin akwai wani ɗan bayani da kowa ya tsallake. An samu wani farin ƙyalle tare da gawar, kuma ɗakin gwaje-gwaje na hukumar FBI ya ce ya yi kama da nafkin ɗin jarirai. Matthews ya tsaya a nan. Me zai haɗa 'yar makaranta da nafkin? Ya fara zargin cewa wadda ake nema ba budurwa ba ce, matar aure ce mai goyo, kuma ta girmi shekarun da aka ba ta. Ya rubuta wa hukumomin gundumar, babu wanda ya kula shi. Ni dai ban ga laifinsu sosai ba. Fayil ne na shekara ashirin da wani abu, waɗanda suka buɗe shi sun yi ritaya, ga kuma wani ma'aikacin masana'anta daga wata jihar yana cewa likitoci sun yi kuskure.

A 1997 ya sayi kwamfuta ya buɗe wa 'Yar Tanti shafi a intanet. A lokacin intanet ta layin tarho ce, shafi guda sai ya ɗauki mintoci kafin ya buɗe. Idan ya taso daga aiki, iyali sun kwanta, sai ya zauna yana karanta cigiyar da mutane ke liƙawa ta 'yan uwansu da suka ɓata, ɗaya bayan ɗaya, ɗaruruwa. Wani dare a Janairun 1998 ya ci karo da cigiyar wata mata daga jihar Arkansas. Tana neman yayarta, Barbara Ann Hackmann Taylor, gajeruwa mai launin gashi ruwan ƙasa, wadda aka daina jin ɗuriyarta tun ƙarshen 1967, kuma wurin da aka yi mata ganin ƙarshe shi ne Lexington. Daga Lexington zuwa inda aka tsinci ƙunshin tafiyar da ba ta kai awa guda a mota ba ce.

Barbara tana da shekara 24 lokacin da ta ɓace, kuma tana goyon jaririya. Mijinta yana aiki da masu yawo da injinan lilo da wasanni gari-gari, don haka ba su da mazauni tsayayye. Da danginta suka tambaye shi, sai ya ce ta gudu ta bi wani namiji. Sun kai cigiya wurin 'yan sanda, amma a Florida suka kai, domin can suka san tana zaune; zancen Lexington daga baya ya zo musu. To, ka ga yadda abin ya kasance. A Kentucky ana neman iyayen budurwar da ta mutu a watan Afrilu. A Florida an rubuta sunan matar aure da ta ɓace tun hunturun da ya wuce. Ko da wani ya ajiye takardun biyu a tebur guda, ba lallai ya ga alaƙa ba, balle ma babu wanda aikinsa ne ya ajiye su a tebur guda.

Matthews ya tuntuɓi ƙanwar, suka gwada bayanai, har da wushiryar. Wannan karon hukuma ta saurara. A watan Maris na 1998 aka tono kabarin ƙarƙashin kulawar Emily Craig, ƙwararriyar jihar a fannin binciken ƙasusuwa, wadda da ganin ƙasusuwan ta ce mai su ta wuce shekarun da aka rubuta. Aka gwada ƙwayar halittar gawar da ta ƙanwar, a watan Afrilu sakamako ya fito: ita ce. Dangin suka zaɓi a bar ta a Georgetown, garin da ya riƙe ta shekara da shekaru, aka ƙara dutse na biyu mai ɗauke da sunanta a ƙarƙashin na farko. Mijin, wanda masu bincike suka fi zargi, ciwon daji ya kashe shi a Oktoban 1987, watan da Matthews ya fara jin labarin. Ba a gurfanar da kowa ba.

Ana yawan ambaton wannan a matsayin ɗaya daga cikin karo na farko da aka gano sunan gawa ta hanyar intanet, amma abin da ya fi muhimmanci shi ne ramin da ya tono. Amurka tana da hukumomin 'yan sanda kusan 18,000, da gundumomi fiye da 3,000, da ofisoshin binciken gawa wajen 2,000, kowanne da kundinsa. A gundumomi da yawa mai binciken gawar zaɓarsa ake yi kamar kansila, ba sharaɗi ba ne ya zama likita. Wata ƙidaya da ma'aikatar shari'a ta yi kan shekarar 2004 ta nuna cewa ofisoshin nan suna karɓar gawarwaki kusan 4,400 a shekara waɗanda ba a san masu su ba, kuma kimanin 1,000 daga ciki suna cika shekara ba a gano su ba. A 2007 cibiyar bincike ta ma'aikatar ta ƙiyasta cewa waɗanda suka taru a faɗin ƙasar sun kai 40,000. Wasu suna cikin firjin mutuware, wasu ƙasusuwansu na cikin kwali a kan kanta, wasu an binne su a kaburbura marasa alama, wasu an ƙone. Namiji a rubuta John Doe, mace Jane Doe, a ba da lamba, a rufe fayil. Sannan idan baligi ya ɓata, 'yan sanda kan ce ai yana da 'yancin tafiya inda ya so, su ƙi karɓar rahoto. Gawa na hannun hukuma, suna na bakin dangi, tsakaninsu babu gada.

Cikin wannan ramin 'yan sa-kai suka shiga. A 1999 Jennifer Marra ta kafa Doe Network, Matthews ya zama ɗaya daga cikin jigoginta. Membobin matan gida ne, da 'yan fansho, da direbobi, da ma'aikatan ofis. Aikin ba shi da wani armashi. Ka ɗauki bayanin gawa guda: tsayi, haƙoran da aka cike, tsohuwar karaya, tabon tiyata, zanen jiki, lambar takalmi. Ka bi jerin ɓatattu kana cire waɗanda ba su dace ba. Mafi yawan abin da aka kai wa hukuma ana dawowa da shi a ce ba shi ba ne. Allura ce cikin ruwa. Ƙungiyar ta kafa ƙa'ida tun da wuri: memba ba ya kiran iyalin wanda ya ɓata kai-tsaye, sai wani kwamiti ya tantance dacewar, sannan wakilin yanki ya miƙa wa 'yan sanda ko likitan gawa. Dalilin a fili yake. Babu zaluncin da ya kai ka ce wa uwa an ga ɗanta, mako biyu a dawo a ce ba shi ba ne.

Gwamnati ta biyo baya. A 2007 aka buɗe NamUs, rumbun bayanai na ƙasa baki ɗaya, kuma daga 2009 ya fara gwada jerin ɓatattu da jerin gawarwaki da kansa. Kowa na iya shiga ya duba, dangi na iya shigar da cigiya, ana ɗaukar samfurin ƙwayar halittarsu kyauta. Cikin waɗanda aka ɗauka aiki don tafiyar da shi har da Todd Matthews, mutumin da a da wasiƙunsa ba sa samun amsa.

Sai dai rumbu ba ya gwada abin da ba a zuba masa ba, kuma labarin yarinyar Caledonia ya nuna haka. A Nuwamban 1979 wani manomi ya tsinci gawar budurwa a gonar masara a garin Caledonia na jihar New York, an harbe ta sau biyu. Ruwan sama na daren ya wanke yawancin shaidu. Fatarta ta nuna ta fito daga wuri mai rana, kuma bayan shekaru da aka binciki ƙurar furannin da ta maƙale a tufafinta, ita ma ta nuna yankuna masu zafi. 'Yan sandan gundumar ba su yi sakaci ba, sun bi dubban bayanai. Amma sunanta ba ya cikin kowane kundi da za su duba. Sai a 2014 wata tsohuwar ƙawarta ta makaranta a Florida ta shiga nemanta, ta rasa, ta gano cewa babu ma rahoton ɓatanta a rumbun, ta sa aka buɗe sabo. A can California kuwa akwai wani akanta mai suna Carl Koppelman, wanda ya bar aiki yana jinyar mahaifiyarsa, ya koya wa kansa zana fuskokin matattu daga hotunan mutuware yadda za su yi kama da masu rai. Ya taɓa zana yarinyar Caledonia, ya san fuskar kamar tafin hannunsa. Da sabuwar cigiyar ta fito da hoton makaranta, kallo ɗaya ya yi mata. A Janairun 2015 aka sanar cewa Tammy Jo Alexander ce, 'yar shekara 16 daga garin Brooksville na Florida. Shekara 35 ke nan, kuma abin da ya buɗe ƙofar takarda ce guda wadda da tun farko ya kamata ta kasance a wurin.

Haka ma Jason Callahan, wanda ya mutu a haɗarin mota a Virginia a 1995 da tikitin kallon makaɗan Grateful Dead a aljihunsa. Shekara 20 ba a shigar da cigiyarsa ba, sai da 'yan sa-kai suka yaɗa zanen fuskarsa a shafukan Reddit da Facebook har ya kai idon waɗanda suka san shi.

Daga 2017 aikin ya sake salo. Margaret Press, marubuciyar littattafan ƙirƙira wadda ta yi aikin kwamfuta, da Colleen Fitzpatrick, masaniyar kimiyyar fiziya, suka kafa DNA Doe Project. A lokacin miliyoyin Amurkawa sun riga sun tofa yawu a 'yar kwalba sun aika kamfanoni don sanin asalinsu, wasunsu kuma sun ɗora sakamakon a GEDmatch, wani shafi na masu bin salsala. Dabarar ita ce a ciro ƙwayar halitta daga ƙashi ko haƙori ko tsohon jini, a mayar da ita irin wancan bayani, a ɗora. Shafin ba zai ce ga sunan mamacin ba. Zai ce wane da wance suna da jini ɗaya da shi, mai yiwuwa kakannin kakanninsu ɗaya. Daga nan sai aikin hannu: takardun haihuwa, na aure, sanarwar rasuwa a tsoffin jaridu, a gina bishiyar zuri'a a gangaro har a iso kan reshen da mutum guda ya yi ɓatan dabo. Aikin tsohuwar nan ce ta cikin dangi da in ka ambaci mutum za ta lissafo maka wa ya haifi wa har kaka na biyar, sai dai a nan ana yin sa ne a kan mutanen da ba a taɓa gani ba.

Nasararsu ta farko da aka sanar ita ce ta wata budurwa da aka tsinta a kwalbati kusa da garin Troy na jihar Ohio a Afrilun 1981, da kitso biyu, sanye da rigar fatar barewa. Wani ya yi hangen nesa ya adana kwalbar jininta tun ranar da aka binciki gawar. Da aka ɗora bayanin a 2018, cikin awa huɗu aka samu 'yar uwa ta kusa. Sunanta Marcia King, 'yar shekara 21 daga Arkansas. Mahaifiyarta ta shekara 37 ba ta tashi daga gidan da take ba, ba ta canza lambar waya ba, ko 'yar za ta kira. A Afrilun wannan shekarar dai ta 2018 'yan sandan California suka kama Joseph DeAngelo, wanda ya addabi jihar da kisa da fyaɗe shekaru da dama da suka wuce, ta irin wannan hanyar. Nan mutane suka farga cewa yawun da suka tofa don sanin kakanninsu yana iya kai ɗan uwansu kurkuku. Aka yi ta cece-kuce, har a 2019 GEDmatch ya sauya ƙa'ida, sai wanda ya amince ne masu binciken laifi za su ga bayaninsa.

Ba duka ne alheri ba, kuma duk wanda ya ba da wannan tarihi ya ɓoye ɓarnar bai yi adalci ba. Bayan harin bam na gasar gudun Boston a Afrilun 2013, wasu masu binciken sa-kai a Reddit suka ɗora hoton wani ɗalibin jami'ar Brown da ya ɓace tun watan Maris kusa da hoton wanda ake zargi, suka ce shi ne. Cikin dare guda iyalin da ke neman ɗansu suka koma iyalin ɗan ta'adda a bakin duniya, ana kira ana zagi. Bayan 'yan kwanaki aka tsamo gawarsa a kogi, ba shi da hannu a komai. Kamfanin Reddit ya nemi gafara, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Kayan aikin iri ɗaya ne da na Koppelman, hoto biyu da ido. Bambancin shi ne ɗaya ya kai zatonsa wurin da za a gwada, ɗayan ya shelanta shi a kasuwa. Akwai kuma wani mutum da ya kama ɗaki a wani masauki a jihar Washington a 2001 da sunan aro, Lyle Stevik, ya kashe kansa. Jama'a suka yi shekara da shekaru suna tattauna shi, suka yi karo-karo aka biya kuɗin gwaji, a 2018 aka gano danginsa. Dangin suka ce kada a bayyana sunansa. Wasu daga cikin masu karo-karon sun ji haushi, kamar an ci musu bashi. A ganina dangin ne ke da gaskiya. An nemo sunan ne domin su, ba domin 'yan kallo ba.

Hanyar ƙwayar halitta ma tana da son kai nata. Galibin waɗanda suka ɗora bayanansu Turawa ne, don haka gawar Bature ta fi saurin samun dangi. Baƙar fata, da 'yan asalin ƙasar, da baƙin haure da ƙishirwa ke kashewa a hamadar Arizona, nasu ya fi wuya, ga shi kuma su ne ba a cika kai cigiyarsu ba, don wanda ba shi da takardar zama ba ya kai kansa ofishin 'yan sanda. Todd Matthews ya rasu a Janairun 2024 yana da shekara 53, ya bar gawarwaki fiye da 10,000 a rumbun NamUs suna jiran suna.

Mu ma muna da namu jerin biyu. A 2019 ƙungiyar Red Cross ta duniya ta ce mutanen da aka kai mata cigiyarsu a Najeriya sun kusa 22,000, akasari saboda rikicin arewa maso gabas, adadin da ya fi na kowace ƙasa a kundinta a lokacin, kuma fiye da rabinsu yara ne lokacin da suka ɓata. A ɗaya gefen, asibitocinmu kan yi sanarwa su binne gawarwakin da babu wanda ya zo nema, ga waɗanda ake tsinta a hanya ko a ruwa, jama'ar gari su yi musu sutura kafin rana ta faɗi, kamar yadda addini ya koyar. Saboda haka, mai unguwa da liman da duk wanda irin wannan ta faɗo a gabansa: bayan an sanar da hukuma, kafin a kai baƙo makwancinsa, a ɗauki hoton fuskarsa da na tufafinsa, a rubuta tsagar fuska da tabo da yanayin haƙora, da rana da wurin da aka same shi, a sa wa kabarin alama, a ajiye takardar inda za a same ta. Wanda kuma nasa ya ɓata, ya kai rahoto a rubuce ko da an ce masa ai tafiya ya yi, ya karɓi lambar rahoton ya adana.